Kwana arba'in da aka ɗaure min gwiwa a miƙe

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Masu turo saƙo ina gani ban amsa ba, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Na gaji ne da amsa "ya jiki", don amsar ba ta canzawa.

Yau zan faɗa gaba ɗaya in huta.

Bayan kaka ne, an gama cire masara. Mu a ƙauyenmu, nan tsakanin Funtua da Malumfashi, ba mu da filin ƙwallo. Gonar da aka fara kwashewa ita ce fili. Ana baje kunya da fartanya, amma ba ta bajuwa duka. Na taso da gudu zan tare ƙwallo, ƙafar dama ta kafe a kwarin kunya, jikina ya juya, ita ba ta juya ba. Na ji ƙas a cikin gwiwa.

Kafin magariba ta kumbura kamar ƙwarya.

Ba wanda ya kawo maganar asibiti, har ni. A wajenmu ƙafa in ta samu matsala gidan mai ɗori ake kai ta. Shi ya ɗora hannun Baba da ya faɗo daga amalanke, kuma ya warke sarai. Da aka kai ni, ya latsa gwiwar, ya ja, ya ce gocewa ce. Ya shafa man shanu, ya jera kara, ya ɗaure ta a miƙe. Ya ce, "Kwana arba'in. In ka lanƙwasa ta, kai ka sani."

Ni ba ni da gardama. Ko sau ɗaya ban lanƙwasa ba. Inna ma gadina take, in na motsa ta ce, "Kai Auwalu, miƙe ta!"

Ranar da aka kwance, kumburi ya tafi. Cinya ta tsotse kamar ba tawa ba. Gwiwa kuma ta ƙi lanƙwasuwa, kamar an zuba mata siminti.

Ban iya zama a tabarma in ci tuwo da 'yan'uwana. Bayi sai da aka huda min tsohuwar kujera. Salla a kan benci a ƙarshen sahu, ni da tsofaffi biyu. Shekarata ashirin da huɗu. Tsorona ɗaya ne: haka zan ƙare, ba tsuguno, ba sujada, ba noma.

Yayana Sadisu ne ya ce ya isa. Ya sayar da masara buhu uku ya kai ni Zariya. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Aka sake tura ni cikin wani inji kamar bututu, mai ƙara kamar injin niƙa. Likita ya duba ya ce, "Ƙashinka lafiya lau. Jijiyar gefen gwiwa ce ta yage, ta ma fara haɗewa. Abin da ke damunka yanzu ɗaurin ne."

Sadisu ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Aka haɗa ni da sashen gashin ƙashi a Funtua, sau biyu a sati. Mai kula da ni Malam Nura. Yana da wani abu kamar rula biyu a haɗe, da shi yake auna iya lanƙwasawa. Ranar farko ya ce talatin da biyar. Na ce, "Malam, nawa ake so in yi zaman tahiya?" Ya ce, "Kai dai kawo min casa'in tukuna, sai mu yi ciniki."

Ba zan ɓoye ba, na yi kuka. Zai kwantar da ni ruf da ciki ya tura diddige a hankali, har in ciji zanin gado. Akwai wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki a gadon kusa, da na shigo sai ta ce, "Ɗan ƙwallo, yau ma kukan za a yi mana? Ni da nake kakarka ban yi ba."

A gida aka sake wani rikicin. Inna ta same ni na zaga tawul a ƙafa ina jawo diddige. Ta saki tsintsiya. "Abin da aka hana ka kwana arba'in shi kake yi da hannunka? Wannan magani ne ko mugunta?" Baba kuwa mai ɗorin amininsa ne. Amma bayan kwana uku na ga ya cika tsohuwar safa da waken suya ya ɗaure baki, ya ajiye min. Ya ji an ce in riƙa ɗaga nauyi da ƙafar.

Na kai saba'in na tsaya cak. Sati huɗu rula ba ta motsa ba. Na gaji da hawa mota ƙafa a miƙe, ana tsaki don na cinye wurin mutum biyu. Na daina zuwa sati biyu. Da na koma, sittin. Malam Nura bai yi faɗa ba. Ya ce, "Auwalu, duk ranar da ka huta, ita baya take komawa. Hau gado."

Na hau.

Wata bakwai ke nan. Yanzu ɗari da ashirin. Satin da ya wuce na yi la'asar a ƙasa, goshina ya taɓa tabarma. Tahiya sai na karkace, tashi sai na dafa bango. Gona ina yin rabin yini, washegari in kwanta. Ƙwallo kuwa Malam Nura ya ce tukuna, ni ma ban tambayi sai yaushe ba.

Alhamdu lillahi. Sadisu, masararka ce a gwiwar nan, Allah ya saka. Inna, Baba, Malam Nura, da kakata ta gadon kusa, Allah ya ba ki lafiya.

Abokan ƙwallo, ban zagi mai ɗori ba, ya san karaya. Amma in gwiwa ta yi ƙara ta kumbura, a yi hoto kafin a ɗaure. In an ba ku atisaye ku yi kullum, ko kuna kuka. Kuma don Allah, kafin a kafa raga a gona, a ƙara yini ɗaya a baje kunyar nan sosai.