Na Ga Tsatsa a Bututun Mai, Na Ce Allah Ya Sanya Albarka

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. A shekarun da abin nan ya faru ni magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ina zaune a wani dogon bene a Alexandria, ina gyaran injinan ƙananan jiragen ruwa a wata tasha da ke bakin kogin Potomac. A Kano na koyi kanikancin dizal, a kan janareto da injinan ban-ruwa. Karatuna na allo ne, har yau hannuna ya fi sakewa da ajami, saboda haka a yi haƙuri da bokona. Wanda ya samo mini aikin wani dattijo ne mutumin Yauri, injiniya da ya yi ritaya a Manassas. Shi ya sauke ni a gidansa da na zo ƙasar nan, shi ya karɓa mini aure. Baba nake ce masa. Duk abin da ya shafi ƙarfe ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakina, kuma ban mallaki abin da ya kai wannan yardar daraja ba.

Baba a bakin ruwa ya tashi, kuma kewar kogi ba ta taɓa sakinsa ba. Wata bazara ya sayi wani tsohon jirgi mai ƙaramin injin dizal, wanda ya daɗe yana aiki a ruwan gishiri. Ya tara mu a tashar don a sa albarka. Hajiya matarsa ta kawo waina, tana tsokanarsa wai tsofaffin mutane suna sayen kujerar hutawa shi ya sayo abin da zai riƙa girgiza shi. Shi kuma ya juyo kaina, ya ce Bakano da bai san wani ruwa ba sai kududdufi ya sauka ya duba masa inji, in dai ba tsoro nake ji ba. Aka yi dariya, na sauka.

Irin wannan injin yana da siririn bututun ƙarfe da ke bi ta gefensa yana kai baƙin mai inda ake bukata. A samansa kuma akwai famfon da ke jawo ruwan kogi don sanyaya inji. In famfon ya fara ɗiga, a kan bututun yake ɗiga, tsatsa ta ci shi a hankali. Na haska tocila, na zura ƙaramin madubi ta ƙasa. An yi wa injin sabon fenti yana ta ƙyalli, amma a kan bututun fentin ya kumbura kamar ƙuraje. Na kankare da farce, sai jar tsatsa ta zubo. Na goga farin tsumma, ya fito da danshin mai. Na san abin da na gani. A wurin aiki da Bature ne mai jirgin, nan take zan ce kada a tayar da injin sai an canza bututun.

Amma da na ɗago kai sai na ga fuskar Baba, ga manyan mutane kewaye da shi, kowa na cewa Allah ya sa a mora lafiya. Mu dai an san tarbiyyarmu: mutum ya yi sabon abu, ba ka buɗe baki ka faɗi aibinsa a gaban jama'a, kada a ce hassada ce ko mugun baki, balle kai yaro shi uba. Ya tambaye ni yaya na gani. Na ce masa inji ya yi kyau, Allah ya sanya albarka. A raina na ƙulla cewa zan sayo bututun in zo in canza a ɓoye, ba tare da na rage masa farin ciki ba. Sai aikin bazara ya taso mana, azumi ya shigo da dogayen ranakun nan masu zafi, kullum in koma gida a gajiye in ce gobe.

Kashegarin Sallah ya kira ni, ya ce in zo da iyali za mu zaga kogi. Matata ba ta ji daɗi ba, sai na tafi ni kaɗai, muka zama mu uku da Hajiya. Ko a lokacin ina da damar magana, na ce a raina tafiyar ba nisa, Allah zai kiyaye. Muna tsakiyar ruwa bayan azahar, hadari ya haɗo, sai ƙararrawar mai ta ɗauki kuka. Na buɗe murfin inji, na ga mai yana tsartuwa daga bututun, ƙasan jirgi ya yi baƙi ƙirin. Na ce wa Baba ya kashe inji. Ya ce ba zai iya ba, iska na tura mu wajen ginshiƙan gada. Ya yi gaskiya. Ya riƙe injin har muka kauce, sannan injin ya yi wata ƙara mai ban tausayi ya ƙame. Muka jefa anga, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri ɗaya, ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, jirgi na tangaɗi. Hajiya ba ta iya iyo ba, ga hawan jini. Ta ƙanƙame ƙarfe tana salati, tana amai, tana kiran sunayen 'ya'yanta. A zaune muka yi la'asar. Sai dab da magariba wani jirgi ya jawo mu bakin gaɓa, daga nan aka wuce da ita asibiti, ta kwana biyu.

Bayan an sallamo ta na je gaisuwa. Baba ya fito da ni ƙofar gida, ya tambaye ni a hankali ko bututun nan haka kawai ya fashe, ko kuwa ana iya ganewa tun kafin. Na sunkuyar da kai na ce na gani tun ranar farko, kunya ce ta hana ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya ce ranar nan masu addu'a sun cika tashar, ba addu'a ya rasa ba. Ni kuwa don idona ya kira ni. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Injin bai gyaru ba, ya rabu da jirgin, bai sake hawa ruwa ba har ya koma gida Yauri. Muna gaisawa, yana tambayar yara, amma ko batirin mota bai sake tambayata a kai ba. Wani lokaci sai in ji a bakin mutane cewa ya kai motarsa wani gareji.

Shekaru sun wuce, na gaji da juya maganar a raina, shi ya sa na rubuto. Ga masu irin wannan inji: ku riƙa duba bututun mai da madubi da farin tsumma, ku lura da famfon da ke ɗiga a kansa, kada sabon fenti ya ruɗe ku, in tsatsa ta kama a canza shi kafin a bar gaɓa. Ga 'yan'uwana masu sana'a kuma: ladabi abu ne mai kyau, addini ma ya hore mu da shi, amma wanda ya ce ka duba masa abu amana ya ba ka. Da na ja Baba gefe na raɗa masa, da ransa zai ɓaci na yini ɗaya kawai. Ka sa albarka da bakinka, sannan ka faɗi abin da idonka ya gani. Allah ya yafe mana, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ga waɗanda muke jin nauyinsu.