Ruwan da Yaya Ba Ta Surka Ba

Ko da zan manta da komai a duniya, ba zan manta da safiyar da Yaya ta kusa tsoma 'yata cikin tafasasshen ruwa ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga tururi na tashi daga baho sai gabana ya faɗi.

Haihuwar fari ce, don haka na koma gidanmu a Likoro wankan jego. Inna ta tsufa, gwiwoyinta ba sa barinta durƙuso, sai aikin ya faɗa kan babbar yayarmu. Ba wanda ya yi ɗar, domin duk jaririn da aka haifa a danginmu hannunta ne ya wanke shi. Mace ce mai tsari har ya yi yawa. In ka ajiye mata ludayi a hagu sai ta mayar da shi dama, ta bi ka da harara.

Sai dai tun kafin nan mun lura ta canza. An yi wani lokaci da idonta ɗaya ya dushe, daga baya ya washe. Ƙafarta ta riƙa ja, hannunta na dama kuma ta ce kamar an sa mata safa. Sannan mantuwa ta shigo. Takan zuba gishiri sau biyu a miya, ko ta tsaya tsakiyar magana tana laluben kalma. Mu muna tsokanarta cewa tsufa ya yi mata sammako, alhali ko arba'in ba ta kai ba. Inna kuwa ta ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu.

Ran nan Yaya ta daɗe a bakin murhu tana iza wuta ƙarƙashin babbar tukunya, zufa na zuba mata. Ƙa'idarta kullum ita ce ta ɗebi ruwan zafi a baho, ta surka da na randa, ta gwada da hannu, sannan ta karɓi jaririya. Ina zaune kan tabarma ina shan kunun kanwa, na ga ta juye ruwan, ta nufi randa, sai ta tsaya cak tana kallon moɗar da ke hannunta kamar ba ta san amfaninta ba. Ta ajiye ta, ta dawo, ta tsoma hannunta na dama cikin bahon. Fuskarta ko gezau. Ta zo ta ɗauki yarinyar daga cinyata, ta kwance mata zani, ta yi bisimilla.

Tururin ne ya tsaya min a ido. Ruwan da aka surka ba ya hayaƙi haka. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da ko tafiya da kyar nake yi. Ƙafafun yarinyar na reto a saman ruwan na hankaɗe bahon da ƙafata. Ruwan ya kwaranyo min a kan idon sawu, na ji zafin har tsakiyar kaina.

Yaya ta rungume jaririyar tana kallona. A hankali ta ce, "Ai na surka. Ban surka ba?" Sai ta dubi hannunta, ya yi jajir, fatar ta fara tashi, ita kuwa ba ta ji komai ba. Wallahi wannan tambayar ta fi ƙunar ba ni tsoro, domin na ga da gaske ba ta sani ba. Ta miƙa wa Inna yarinyar, ta shiga ɗaki. Daga ranar ko kallon jaririyar ba ta son yi, kullum cewa take hauka ce ke zuwa mata, a nisanta ta da yara.

Bayan na gama wankan jego na matsa sai da aka kai ta babban asibiti a Zariya. An sha zarya kafin a sa ta cikin na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likitan ya ce ciwon ba shi da yawa a ƙasarmu, sunansa a Turance multiple sclerosis. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, kamar ɓera ya gwaigwaye robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa makalewa a hanya. Abin da ya kashe mata jin zafi a hannu ke nan. Ya ƙara da cewa ciwon yana taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa, wato saman da ke riƙe da tunani, da mayar da hankali, da jera aiki daki-daki. In wurin ya samu tabo ko ya sirance, mutum zai iya tsallake mataki a aikin da ya fi ƙwarewa a kai, ya kuma rantse ya yi shi. Zafi ma yana tayar da alamomin na ɗan lokaci, ga shi mu mun ajiye ta a bakin murhu safe da yamma.

Yaya ta ce, "Likita, wato ba hauka nake yi ba?" Ya ce mata sam, hankalinta na nan, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ba a warkewa, amma akwai maganin da ke rage masa gudu. A nan ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar bahon.

Yanzu Yaya na dogara sanda, kuma an raba ta da bakin wuta. Da na yi haihuwa ta biyu ni na kai mata jaririn da kaina. Ta karɓe shi, ta dubi bahon, ta ce, "Zo ki taɓa min ruwan nan tukuna." Na tsoma gwiwar hannuna na ce ya yi, sannan ta yi bisimilla ta wanke shi tas kamar yadda ta saba.

Tabon na nan a ƙafata. Shi ke tuna min cewa in mai tsari ya fara tuntuɓe a hanyar da ya fi sani, ba lokacin dariya ko hayaƙi ba ne. A kama hannunsa a kai shi asibiti tun ruwan bai kai ga fatar wani ba.