Haƙorin Makka da Man Riɗi

Shekara uku na yi ina aikin kula da wata tsohuwa 'yar Indiya a unguwar Queens, a Amurka. Kullum daga unguwarmu Bronx nake shiga jirgin ƙasa, in tarar da ita ta cika baki da man riɗi tana kurkurawa. Sai ta tofar, ta kankare harshe da wata 'yar tagulla, sannan ta tauna itacen darbejiya. Ranar farko dariya na yi, na ce mata ai wannan asuwakinmu ne, sai dai mu ba ma ɓarnar mai.

Ita a ilimin maganinsu na gargajiya, haƙori ɗan ƙashi ne, abin da ya ciyar da ƙashi shi ke ciyar da shi. Harshe kuma shi ke tona asirin ciki. Ni dai na ga ta haura tamanin tana fasa gyaɗa, sai na rage gardama.

Lokacin nan haƙorin Makkata ya fara ciwo. Mahaifiyata ce ta ja ni aka sa mini shi shekarar da muka sauke farali tare, ba ta sake shekara ba ta rasu. Likita ya duba ya ce ƙarƙashin zinariyar ya ruɓe, sai cirewa. Na taso ina masifa, wai yaron da bai san Arfa ba ne zai cire mini shaida.

Na kai ƙara wajen tsohuwa. Ta ɗora ni a kan man riɗi da safe, kanumfari in ciwon ya motsa, ta hana ni ruwan ƙanƙara. Sati uku ina bi, har na fara yi wa likita dariya a raina. Sai dasashin ya kumbura.

Tsohuwa ta zaunar da ni kusa da taga, ta danna wurin da yatsa.

"'Yata," ta ce, "mai yana ciyar da abin da ke da rai ne. Wannan ya mutu. Koma wajen likitan."

Na ji haushinta ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa. Aka cire ranar Talata. Zinariyar tana cikin gwangwanin kanumfarin da ta ba ni.

Har yau a shagunan unguwar Harlem Hajiya ake kira na, babu wanda ya lura. Ni ce dai in an kira, kafin in amsa sai harshena ya je ya taɓa gurbin.