Liƙi a Harlem

A shekarun da nake tuƙa tasi a New York bizata ta riga ta ƙare, kuma ba abin da nake tsoro a duniya kamar ɗan sanda. Ko jiniya na ji daga nesa sai in sauya hanya. Garin ma ba lafiya a lokacin. A layinmu na unguwar Morrisania in ka ji harbi, juyawa kawai kake yi ka ci gaba da abin da ke gabanka.

Wata rana na ɗauko wani tsoho baƙar fata daga filin jirgin sama na JFK, da ƙaton gogensa da ya fi shi tsawo, irin wanda ake kafawa a ƙasa a ja tsirkiyar da yatsu. Da ƙyar muka cusa shi a mota. Hira ta yi daɗi har na saki baki na gaya masa maganar bizar, abin da ko a coci ban taɓa faɗa ba. Ya ce in zo ran Lahadi da la'asar, suna kiɗan jaz a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Harlem.

Na je bayan an tashi daga sujada a coci. Ban san kan kiɗan ba, amma na ga yadda suke yi: ɗaya ya yi nasa, sauran su riƙe masa, in ya yi tuntuɓe mai ganga ya tare shi. Can wani dogo mai saksofon, wani irin ƙahon ƙarfe, ya miƙe, ya rufe ido ya fara busa. Allah ya sani, tsikar jikina tashi ta yi.

To mu a gida, in makaɗi ya taɓa maka zuciya ba tafi kake yi ba, tashi kake ka manna masa kuɗi a goshi. Na miƙe na nufe shi kai tsaye, hannuna cikin aljihun ƙirji na kwat.

Wata mata ta ƙwala ihu wai bindiga. Kujeru suka zube. Mai busar ya buɗe ido ya gan ni dab da shi, ya saki ƙahon ya kare kansa da hannu biyu. Kafin in ce uffan an danne ni a ƙasa. Da aka ɓamɓare yatsuna, takardar dala ce a dunƙule. Sai dai matar da ke da gidan ta riga ta buga wa 'yan sanda waya.

Na yi musu bayanin liƙi. Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya raɗa mini cewa ƙanin mai busar harbe shi aka yi bara. Na ce a bar ni in gudu, ya ce ƙofa ɗaya ce, kuma ga takun 'yan sanda nan a matakala.

"Ka iya waƙa?" in ji shi.

"Ta coci kawai, baba."

Ya ja ni gaban makirufo. 'Yan sanda biyu suka shigo. Tsohon ya ce kuskure ne, ba bindiga, mawaƙinsu ne ya zo a gaggauce. Ɗayansu ya kafa mini ido, ya ce to bari su ji.

Na ɗauko waƙar da mahaifiyata ke rerawa a zumuntar matan coci. Tsohon ya lalubo ni da gogensa, mai ganga ya shigo a hankali. A tsakiya baitin ya ɓace mini, na ce a raina shi ke nan, sai jirgin mayar da ni gida. Sai na ji saksofon daga bayana ya ɗauki waƙar daidai inda na yar da ita, ya riƙe mini har numfashina ya dawo.

Ban ga fitar 'yan sandan ba, idona a rufe yake.

Da muka gama, mai busar ya sunkuya ya tsinci dalar nan a ƙasa, ya warware ta. Ya tambaye ni ko haka ake yi, ya manna mini ita a goshi. Ta kuwa zauna daram, don gumin da ke wurin ya ishe ta.