Wuƙar Babana da Ta Ƙi Ni

A wasu shekaru da suka shige, lokacin ban san komai a harkar fata ba sai takalmin da ke ƙafata, na ɗauko wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Ɗinki nake yi a gidana a Abakpa, keke ɗaya da almakashi, kuma a raina duk wanda ya iya yanka atamfa ya iya yanka komai a duniya.

Mahaifiyata tana Doka, a gidan da aka haife mu. Tana da wani Alƙur'ani irin na da, mai warƙa-warƙa, wanda ba a ɗinke shi ba, yana zama cikin gafaka ta jar fata. Mahaifina ne ya ɗinka mata gafakar farkon aurensu, don baduku ne. Ni ban san shi sosai ba. Ya rasu ban isa shiga makaranta ba, abin da na riƙe nasa ƙamshin zaurensa ne kawai. To gafakar nan ta tsufa har gindinta ya yage. Wata rana na je gaisuwa na tarar da ita tana tsince warƙoƙi daga kan darduma, tana jera su tana istigfari. Daga ranar ta koma naɗe Alƙur'anin da ɗankwali. Yayana ya sayo mata sabuwar gafaka, ta shinshina, ta ce leda ce, ta ajiye a gefe ba ta sake kallonta ba.

"Inna, ni zan ɗinka miki wata," na ce mata. "Da kayan aikin Baba."

Ta yi mini irin kallon da take yi wa wanda ya miƙo mata abu da hagu. Na san kallon nan fiye da kowa a gidanmu, don da hagu na fara komai ina yarinya, sai da ta riƙa ɗaure mini hannun da gefen zanena lokacin cin tuwo kafin na dawo hanya. Na zaci za ta hana. Sai ta sunkuya ta jawo zabirarsa daga ƙarƙashin gado, jakar da yake zuba kayan aiki, ta miƙo mini. Tun rasuwarsa ba wanda ya buɗe ta.

Tsatsa ta ci komai. Akwai basilla biyu, da almakashin da ya rantse ba zai buɗe baki ba, da 'yan ƙarafunan buga zane, sai wata gajeriyar wuƙa mai faɗin baki wadda ake fere gefen fata da ita don ta naɗu wajen ɗinki. Na jiƙa su a kananzir, na dirje da lemon tsami da toka, na bi da samfefa, na shafe da man gyaɗa. Maigidana ya ce da ya shigo sai ya ɗauka gareji ya shiga. Ban kula shi ba, don a hankali ƙarfen ya fara fitowa fari tas, ni kuma kaina ya fara girma. Ƙotar wuƙar ta katako ce, ta yi baƙi ta yi santsi, da wani ɗan lotsawa a gefe guda. Na yi niyyar in kankare wurin ya daidaita, Allah ya taimake ni ƙyuya ta hana.

Sai neman fata. Na shiga babbar kasuwa da ƙarfin gwiwa na zaɓi wadda ta fi kowace sheƙi. Ina isa gida na ninke ta, sai ta tsattsage, jan ya dawo tafin hannuna kamar na yi lalle. Na koma na sayo wata mai ɗan dama-dama. A nan ne wuƙar ta nuna mini halinta. In na danna sai ta nutse ta huda fatar, in na sassauta sai ta zame ta wuce. Na wasa ta, na sake wasawa, na canza zama, na yi bismilla da ƙarfi ko za ta ji kunya. Fata ta biyu ta bi ta farko. Ga azumi yana matsowa, lokacin da Alƙur'anin nan ba ya hutawa, kullum kuma na kira Inna sai ta ce, "Ina aka kwana?" in ce, "Saura kaɗan." Ban taɓa bari ta ga ɓarnar da nake yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne ta amince ta ba ni zabirar, kuma har lokacin littafinta yana cikin ɗankwali.

Ranar wata Talata na ɗauki wuƙar na nufi Kawo wajen wani maƙeri mai injin wasa wuƙaƙe. Ya juya ta, ya kanne ido ɗaya yana duban bakin.

"Hajiya, ai dole ta ba ki wahala. Gefe guda aka wasa ta, kuma a baibai. Ki bari in cinye bakin nan gaba ɗaya in fitar mata da sabo. Ƙotar ma ta lotse, sai in sa miki wata."

Na ce ya yi duk abin da ya ga dama, ni dai ta yanka. Ya kai hannu zai kunna inji ke nan aka ɗauke wuta. A rayuwata ban taɓa cin ribar ɗauke wuta ba sai ranar. Ya ce in ɗan zaga in dawo, kuma tunda ya ji ina kukan fata, in leƙa nan Hayin Banki akwai wani dattijo Basakkwace da ake kawo wa jar fata daga majemar garinsu. Na mayar da wuƙar jaka na tafi.

Tun kafin in yi sallama a zauren dattijon na tsaya cak. Ƙamshin nan ne, na zauren babana, wanda ban sake ji ba tun ina ƙarama. Daga baya na san bagaruwa ce, wadda ake jima da ita. Dattijon yana zaune a kan buzu, fatu jibge a bayansa. Muka gaisa, na faɗa masa abin da nake so in ɗinka da wadda zan ɗinka wa.

Bai yi saurin sayar mini da komai ba. Ya zaro fata ɗaya ya ce in shinshina. Ya ce in dunƙule ta a hannu in saki, ta kirki za ta miƙe ba tare da tsagewa ba. Ya sa na lashi yatsa na goga, jan bai biyo ni ba. Sannan ya ɗaga ta saitin ƙofa ya ce in duba ko haske na ratsa wani wuri.

"Hwatar layya ki yi hankali da ita, ɗiyata," ya ce. "Ran Salla kowa mahauci na, sai su cika ta da sara."

Na yi dariya, na ciro guntayen da na lalata na nuna masa, don ya san irin almajirar da ya samu. Ya dube su ya girgiza kai, ya ce in ba shi wuƙar da ta yi wannan ta'asa. Ya riƙe ta a dama, ya ɗan gwada a gefen wata fata, ya tsaya. Sai ya mayar da ita ɗaya hannun, babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan ta ƙota.

"Wa ad da wagga wuƙa?"

"Ta mahaifina ce, Baba. Ya daɗe da rasuwa."

"Allah shi jiƙan shi. Wuƙar lahiya lau take. Ta bahago ta."

Na ce anya kuwa, ban taɓa jin an ce babana bahago ne ba. Bai yi musu da ni ba, ya miƙo mini ita kawai. Na kai hannun dama yadda aka hore ni, sai ya janye.

"Da ɗayan."

Wallahi sai da na ji nauyi. Ni da aka raina a kan ba a karɓar abu a hannun babba da hagu, ga dattijo mai furfura yana cewa in yi. Na ce, "Baba, da hagu fa?" Ya ce, "Na yahe miki, amshi." Na karɓa. Yatsana ya zauna a gurbin nan daram, duk da gurbin ya fi shi faɗi. Na kwantar da bakin wuƙar a gefen fata na tura, sai ga wani siririn ɓawo yana tashi yana nannaɗewa kamar ana fere dankali. Na sake turawa, haka. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, na hau gogewa da gefen hijabi ina ba shi haƙuri. Ya yi kamar bai gani ba, ya juya yana zaɓar mini fata.

Ban koma wajen maƙerin ba, Allah ya ba shi haƙuri. Daga Hayin Banki Doka na wuce kai tsaye. Na tarar Inna ta idar da la'asar tana tsakar gida. Na shimfiɗa fatar a kan katako, na zauna a gabanta, na ɗauki wuƙar da hagu. Ga ni uwar 'ya'ya amma ina jiran a daka mini tsawa. Na fara aiki ban ɗago ba. Can sai na saci kallonta. Carbinta ya tsaya a hannu.

"Haka yake zama," ta ce a hankali. "Har karkatar da kan."

"Inna, ashe bahago ne?"

"Da dama yake ci, da dama yake gaisawa, ba wanda zai ce ga abin da yake. Amma in ya shiga zaure ya ɗauki wuƙar nan, to hagun ce. Ranar da ya ga kin kai hagu kin ɗauki basillarsa, dariya ya yi ta yi, ya ce ga magajiyarsa ta iso, kada a takura miki."

Ta ci gaba da murza carbi.

"Da ya rasu sai na ji tsoro. Kada a ce don marainiya ce ba ta sami tarbiyya ba. Shi ya sa na matsa miki."

Ban taɓa riƙe ta da abin nan a raina ba, amma ranar ce na fara ganin yadda ita ta ɗauke shi ita kaɗai. Na ce mata ai ga shi hannun bai je ko'ina ba, yana nan yana jira. Ta ce in daina surutu in kula da fatar mutane kada in huda.

A tsakar gidanta na ƙarasa gafakar, kullum in na sallami masu ɗinki sai in taho. Ba ta kai ta Baba kyau ba, ɗinkin gefe ɗaya ya ɗan yi tafiyar maciji, kuma Inna ba ta ɓoye mini hakan ba. Amma ta yi ƙarfi, kuma tana ƙamshin da ya kamata. Ana saura kaɗan a ga wata na gama. Na durƙusa na miƙa mata da hannun dama yadda ta koya mini. Ta warware ɗankwalin, ta zura Alƙur'anin ya shige cif, ta rufe. Sai ta kamo hannuna na hagu, wanda ta sha ɗaurewa, ta riƙe shi cikin nata biyu ta tofa masa addu'a.

"Wannan ne ya yi aikin," ta ce.

Yanzu fata ta fi atamfa yawa a ɗakin ɗinkina, kuma har gobe a wajen dattijon nan nake saye. In kaya sun iso yakan aiko a ce wa bahaguwa ta zo ta zaɓa kafin 'yan kasuwa. Duk wanda ya kawo mini tsohon kayan aikin gidansu yana so a gyara, nakan ce ya cire tsatsa, amma kada ya yi gaggawar daidaita abin da ya ga ya karkace, sai ya tambayi wanda ya san mai shi. Ni saura ƙiris in ba da a goge abu ɗaya tak da ya rage mai siffar hannun babana. Masu tambayata a ƙarƙashin hotunan aikina da nake sawa a intanet me ya sa nake yanka da hagu, to kun ji dalili, kuma raina fari ƙal yake da shi.

Inna dai ba ta canza ba. Ko jiya na yi mantuwa na miƙa mata kofi da hagu, ta bar ni tsaye da shi sai da na sauya hannu. Amma duk ranar da na je da aiki na shimfiɗa fata a tsakar gida, sai ta jawo kujerarta ta zauna ta ɓangaren haguna, inda za ta fi ganin hannun.