Ni Na Zuba Baƙin Man, Malam Ya Sha Zagin

A lokacin da wannan abu ya faru, ni direba ne mai ji da kansa. Shekara goma sha takwas na yi ina jan a-kori-kura tsakanin Batsari, Wagini da Safana, ina ɗaukar gero da wake da awaki, kuma ban yarda an haifi wanda zai koya mini mota ba. Da mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Zakka, suka yi karo-karo bayan girbi suka sayi ƙaramar mota don kai marasa lafiya asibiti, babu gardama aka miƙa mini makulli. Wanda aka wakilta ya je Katsina ya sayo ta kuwa shugaban makarantar firamarenmu ne, dattijo mai sanyin hali, wanda duk muke kira Malam.

Ranar da ya kawo ta, ya haɗo da galan ɗin baƙin mai, ya nuna mini wata lamba a kan murfin injin. Ya ce mai sayarwa ya ja masa kunne cewa injin na zamani ne, hanyoyin mansa sirara ne, kada a ba shi wani mai sai mai wannan lambar. Na ɗiga man a yatsa na murza, yadda mu direbobi muke yi, na ji shi tsalalo. Na yi dariya na ce wannan ai ruwan shayi ne, zafin ƙasarmu zai shanye shi kafin azahar. Malam ya ce shi dai saƙo ya isar. Bayan wata guda na zaro sandar awo na ga man ya ɗan ja baya, abin da tambaya ɗaya za ta warware. Girman kai ya hana ni. Na tsiyaye shi ba tare da kowa ya sani ba, na ɗura mai kaurin nan na kwalba da ake sayarwa a kasuwa, irin wanda nake ba tsohuwar a-kori-kurata. Da safe injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, jar fitila tana ƙifta mini. Wallahi sai na samo baƙin salatif na liƙe ta.

Da kaka ta zagayo ana cirar gyaɗa, wata rana da hantsi, kububuwa ta sari wani maƙwabcina a gona. Muka sa shi a mota na take ta. Ba mu kai rabin hanyar Safana ba injin ya buga, ya tsaya cak a dokar daji. Kafin a samo babur a ɗaure maƙwabcin nawa a bayan wani, rana ta karkata. Ya rayu, amma ƙafar sai da aka yanke.

Gari ya ɗauka cewa Malam ruɓaɓɓiyar mota ya sayo wa jama'a. Har a ƙofar masallaci aka riƙa jefa masa magana, wasu suka cire 'ya'yansu daga makarantarsa, aka daina gayyatarsa sulhu. Ina ji ina gani na yi shiru. Kai, wani lokacin har gyaɗa kai nake yi idan ana zaginsa. Shekara guda na yi a haka, ko tuwo ba ya yi mini daɗi, musamman in na hango maƙwabcina yana dogara sanda.

Da abin ya ishe ni na sami Malam bayan la'asar, na durƙusa na faɗa masa komai. Bai ko ɗago da sauri ba. Ya ce, "Ai tun ranar da bakanike ya buɗe injin ya nuna mini man na sani. Na ga kana da iyali goma, kuma da tuƙin nan kake ci da su. Ni na kusa ritaya." Na fashe da kuka gabansa kamar yaro. Ranar Juma'a na miƙe a masallaci na wanke shi, na kuma je na nemi gafarar maƙwabcina. Ya yafe mini, amma yafiya ba ta mayar da ƙafa.

'Yan'uwana direbobi, yatsa ba ya sanin mai, lambar da ke kan murfi ita ta sani. In mota ta fara shan mai a tambayi masani, kada a gudu wajen mai kauri. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun wani bai ɗauke maka ita ba. Har yau in na haɗu da Malam shi yake riga ni gaisuwa, ni kuwa ƙasa nake kallo.