Rijiyar da Na Hana a Gama

Kafin in lalace, yaron mota ne ni. Na bi manyan motoci zuwa Ikko da Kumasi da Yamai, na iya Yarbanci da ɗan Faransanci da Turancin tasha. Duk inda na je na ga famfo a bakin titi, har na dawo Birnin Kudu ina raina garinmu.

Lokacin da kuɗin mai ya cika ƙasa, sojoji suka ce za su mayar da mulki ga farar hula, sai wani Alhaji mai neman kujera ya kira ni. Ya ba ni hular kwano ta injiniyoyi da igiyar awo da turaku masu jan fenti. Aikina in shiga ƙauye in kafa turke, in ce nan famfo zai zauna idan ya ci zaɓe. Da farko goro ake ba ni. Daga baya kaza, sannan akuya, don in matso da turken kusa da ƙofar mai bayarwa.

A wani ƙauye na Zandam, ƙasar Gwaram, na tarar ana gayyar haƙa rijiya. Sun kai gaba bakwai, ƙasa ta fara danshi. Na ce su huta, gwamnati za ta kawo inji. Tsohon da ke jagorantar aikin, Malam Ɗanjuma, ya ce, "Ɗan nan, injin naka zai riga damina zuwa?" Na ce, "Baba, a Kumasi kwana uku ake yi." Ya ce, "To, nan ba Kumasi ba ce." Amma samari sun riga sun ajiye diga.

Damina ta sauka, ramin da ba a ɗaure ba ya rufta. Alhaji ya ci zaɓe ya tafi Ikko. Da rani mata suka koma tonon yashi a rafi mai nisa. Mutanen suka kai ƙara, Alhaji ya ce bai taɓa ganina ba, aka ɗaure ni.

Har yau akwai abin da ban gane ba. Alƙali ya ce laifina sojan gona da karɓar awaki. Alkawarin kansa ba laifi ba ne, tunda mai shi yana ta maimaita shi a rediyo. Ni ma shi na zaɓa, kuma wallahi na ɗauka injin zai zo. To, ɓarawo ne ni, ko ni ma sace ni aka yi?

Da na fito na koma neman gafara. Malam Ɗanjuma ya rasu. Sun haƙa wata rijiyar da hannunsu, ɗansa ya ce sun yafe, bai dube ni ba.

Yara, ban san me zan ce muku game da zaɓe ba. Na zagaya ƙasashe ban samo amsa ba. Abu ɗaya na sani. Kada ku ci abinci da alkawarin wani. Idan kuma irina ya same ku tsakiyar aiki ya ce ku dakata, ku ba shi tabarma ya zauna, ku gama tukuna.